Jar Motar Haris a Mashigin Fadama

Akwai wani matashi a Haɗeja, sunansa Haris, wanda ya ɗora ran yayarsa a kan maganar mai talla. A lokacin bai san abin da yake yi ke nan ba. Na faɗa muku tun da wuri ne don kada wani ya ji na fara da zancen mota ya gyara zama yana jiran dariya. Ni kaina ba na jin daɗin ba da labarin nan.

Haris yana da injin casar shinkafa a gefen gari, kuma Allah ya sa wa sana'ar albarka. Ba ya shaye-shaye, ba ya wasa da salla, hannunsa a buɗe yake. Ciwonsa ɗaya ne, mota.

Iyayensu sun rasu yana ƙarami, yayarsa Radiyya ce ta goya shi har ya zama mutum. Adda yake ce mata, kamar yadda ake yi a gidansu tun kakanni suna kiwo. Tana aure a wani ƙauye cikin fadama, can bayan Auyo, wajen wani manomin shinkafa mai suna Mala. Mace ce mai baki da barkwanci, kuma duk duniya ita kaɗai ce ke iya faɗa wa Haris gaskiya ya haɗiye.

Da harka ta buɗe, Haris ya sayo wata jar mota 'yar Kwatano, mai ƙofa biyu, irin wadda aka ƙera don titin da babu rami. Kun dai san titunanmu. Rabin ranar motar nan a bayan a-daidaita-sahu take yin sa, sauran rabin a bayan amalanken shanu. Amma Haris bai damu ba, tunda duk inda ya tsaya sai an waiwayo.

Ana nan sai ya ci karo da bidiyon wani Tukur, mai gareji a Kano. Kowa ya san irin bidiyon. Mutum ya tsaya gaban mota, ya buɗe bonet, yana dukan ƙirji yana rantsuwa.

Tukur ya ce kamfani da gangan yake ɗaure ƙarfin mota, shi kuma ya san inda kullin yake. Zai saka ɗan baƙin akwati a ƙarƙashin sitiyari, mai koriyar fitila, wanda zai riƙa yi wa ƙwaƙwalwar mota magana. Zai cire gidan iskar da kamfani ya sa, ya maye shi da bututu mai ƙyalli. Zai canza salansa, ya sauke motar ta ƙara kwanciya a ƙasa. In an gama, a cewarsa, inji zai ƙaru da ƙarfin doki hamsin, shan mai kuma ya ragu da rabi.

Haris ya kalli bidiyon har ya haddace shi. Bai yi shawara da kowa ba ya tafi Kano.

Ranar da ya dawo, tun yana bakin gari aka san ya iso. Kaji suka watse, tsofaffin majalisa suka toshe kunne suna tsaki. Shi kuwa yana ciki yana jin bayansa na mannewa da kujera, ko dai haka yake gani.

Ranar kasuwa Radiyya ta shigo gari sayayya. Da ma al'adarsu ce shi yake mayar da ita gida, ita kuma ba ta shiga motar sai ta sayi rake guda a bakin tasha. Tana sha suna hira, tana tara ɓawon a leda don kada ta ɓata masa kujera.

Wannan karon hira ba ta yiwu ba, ƙarar salansa ta cinye komai. Da suka tsaya a ƙofar gidan Mala, Haris ya kashe mota ya dube ta, bakinsa har kunne.

"Adda, kin ji bambanci?"

"Na ji," in ji ta. "Kunnena har yanzu kuwwa yake yi."

"Gudun nake nufi. Doki hamsin aka ƙara mata."

Ta ɗaga ledar ɓawon rake ta nuna masa. "Haris, da can rake ɗaya nake shanyewa daga tasha zuwa ƙofar nan. Yau ma ɗaya na shanye, gaɓar ƙarshe a daidai tsamiyar can, inda na saba. To dawakan nan naka, a hanya suka tsaya kiwo?"

"Ai hanyar ce ba kyau."

"Da can kyau gare ta?"

Ya yi dariyar yaƙe. Ya fita ya buɗe bonet don ta gani da idonta. Ta leƙa, ta bi bututun mai ƙyalli da kallo, ta ga ya lanƙwasa ya yi ƙasa ya ɓace.

"Wannan ina ya nufa?"

"Ta nan inji yake shaƙar iska. An kai bakinsa can ƙasa, bayan bamba, inda iska ta fi sanyi. Iska mai sanyi ita ce ƙarfi."

"Wato hancinta ke nan."

"Kamar haka."

"Da can ina yake?"

Ya nuna mata sama, kusa da murfin bonet.

Radiyya ta gyara mayafinta. "Ni ban san mota ba, shanu na sani. Na ga Baffanmu yana ƙetarar da su kogi. Duk saniyar da ta shiga ruwa, hancinta take ɗagawa. Kai kana zaune a ƙasar da ruwa ke hawa hanya duk damina, ka je ka biya an mayar wa motarka hanci gindin ƙafa?"

"Adda, mutumin nan ƙwararre ne."

"Ban ce ba ƙwararre ba ne. Wa ya auna dawakan? A gabanka aka auna? Shi ya saka irin wannan a tasa motar?"

Haris ya ji zafi. Ya zaro waya ya kira Tukur, ya buɗe murya don ta ji da kunnenta. Ya tambaye shi batun ruwa.

Tukur ya sheƙe da dariya. "Haba Alhaji! Bakin bututun nan riga gare shi. Iska ce kawai ke wucewa, ruwa ko ɗigo. An gwada shi a Turai, cikin ambaliya. Kai dai in ka ga ruwa ka taka totur, ƙarfin da ke cikinta zai raba shi biyu. Wallahi ka kwantar da hankalinka."

Haris ya kashe waya yana kallon yayarsa kamar wanda ya ci shari'a.

"Na ji," in ji Radiyya. "Na tambayi wanda ya auna, ka kira mini wanda ya sayar. Shigo ka ci tuwo."

Abin da ke ba ni haushi da Haris shi ne, ba wawa ba ne. Mutum ne da in aka kawo masa shinkafa aka ce ta bushe, sai ya ɗebi ƙwaya ya ciza da haƙorinsa kafin ya yarda. Ya lura motar ta fi shan mai, ya ce don yana yawan taka ta ne. Ya lura cikinta na gurzar ƙasa a wuraren da da take wucewa lafiya, ya ce damina ce ta ɓata hanya. In shakka ta taso masa, sai ya leƙa ƙarƙashin sitiyari ya ga koriyar fitilar tana ƙyaftawa, zuciyarsa ta kwanta. Ya riga ya yabi aikin a gaban abokai, kuma janye magana ya fi masa ciwo a kan komai.

Damina ta yi nisa, kogi ya cika ya fara tumbatsa. Wanda bai san fadama ba bai san wannan lokacin ba. Manomi yana kallon shinkafarsa ta kusa nuna, ruwa kuma yana hawa. Sai a shiga yankan gaggawa, wasu a tsaye ruwa iya ƙugu, wasu daga cikin kwalekwale. A tara dami a kan duk wani tudu da ya rage.

Matsalar ita ce ba mutane kaɗai ke neman tudu ba. Duk abin da ke cikin rami, ruwa ya kore shi.

Hanya biyu ce ke fitar da mutum daga ƙauyen su Mala. Akwai ta burji, wadda ke zagayawa ta kan jinga, amma tana da wani kwari da ake kira mashigi, inda ruwa ke haurawa. Akwai kuma ta kwalekwale, wadda ke yanka fadama kai tsaye zuwa bakin kwalta, inda masu a-daidaita-sahu ke jira.

Ranar da abin ya faru, Haris ya zo da safe da buhunan da Mala ya roƙa. Buhu a motar ƙofa biyu, ku dai ku yi tunani. Ruwan mashigi a lokacin iya idon sawu ne. Ya ratsa shi yana fesa ruwa hagu da dama, ya fito lafiya, ya ce a ransa to ga shaida.

Bayan azahar Radiyya ta je ɗaukar dami daga tarin da ke bayan gida don a fara bugu. Ta sa hannu, ta ja, sai ta yi baya da salati. Gamsheƙa ce, baƙa, ta sare ta a ƙafa ta sulale cikin ruwa.

Kafin ka ce me, gida ya cika. Mata suna salati, wani ya ɗaure ƙafar da ɗankwali. Mala ya ce asibitin Haɗeja, yanzu-yanzu.

Mutanen fadama suna da wata al'ada da nake girmamawa. In aka ce ga mara lafiya, duk kwalekwalen da ke gaɓa nasa ne. Ba a tambayar na waye, ba a ciniki. Ko mai shi ya gama lodi, sai ya sauke.

Wanda ke gaɓa a ranar wani dattijo ne, Fannami, ya cika kwalekwalensa da buhunan shinkafa zai ƙetare. Yana jin labari ya fara jifa da buhunan kan tudu, mutane suna taya shi. Aka shimfiɗa tabarma a ciki.

"Ku kawo ta," in ji Fannami.

Haris ya sha gabansu da makulli a hannu. "Kwalekwale? Ana maganar dafi kuna maganar sanda da filafili? Kafin ku kai tsakiyar fadama na kai ta gadon asibiti."

"Ɗana, ruwa ya ƙaru tun safe," in ji Fannami. "Dubi turken can. Da hantsi kansa a waje yake."

"Baba, ɗazun nan na ratsa shi. Motar nan ba irin wadda ka sani ba ce. An yi mata aiki."

Mala ya matso. Ya dubi kwalekwale, ya dubi jar motar, ya dubi matarsa. Mutum ne mai kunya, kuma Haris surukinsa ne mai yi masa alheri. "Haris, ka tabbata?"

"Yaya Mala, wallahi na tabbata. Wanda ya yi aikin ya rantse mini."

Radiyya tana zaune a ƙasa, gumi na tsiyaya daga goshinta. Ta ɗago ta dubi ƙaninta. Ta ga idon jama'a a kansa. Allah kaɗai ya san abin da ta auna a ranta.

"Ku bar shi ya kai ni," ta ce. "Ƙanena ne."

Fannami ya ja gefe. Ya tsaya har suka tashi, sannan ya naɗe tabarmar, aka mayar masa da buhunansa, ya tura kwalekwalensa.

An kwantar wa Radiyya da kujerar gaba, Mala ya dunƙule a baya gwiwarsa a haɓa. Haris ya bi kan jinga da gudun da bai taɓa yi ba, cikin motar na dukan ƙasa.

Da suka iso mashigi sai ya taka burki. Wurin da ya ratsa da safe ba shi ba ne. Ruwan ya faɗaɗa, ya yi ja, yana tafe da ciyawa da karan gero. Ba kowa a wurin, ko mai babur ɗaya.

"Haris," in ji Radiyya a hankali, "mu koma."

Da ya juya a lokacin, wataƙila da sun tsayar da Fannami da kira. Amma juyawa na nufin ya shiga ƙauye a gaban kowa ya ce ya yi kuskure. Ya tuna muryar Tukur. Ya sa giya, ya taka totur har ƙasa.

Motar ta shiga da ruri. Ruwa ya taso ya rufe bamba, ya hau bonet. Sun kai kusan tsakiya sai injin ya yi tari, ya yi wata ƙara kamar an buga taɓarya a turmi, ya ɗauke.

Ban san yadda zan kwatanta muku shirun da ya biyo baya ba. Watanni motar nan tana hana mutane jin juna. Yanzu ba ka jin komai sai ruwa yana shafar ƙofa, da numfashin Radiyya.

Haris ya murɗa makulli. Ƙas. Ya sake murɗawa. Ƙas. Ruwa ya fara shigowa ta ƙasan ƙofa, ya jiƙa musu ƙafa. Ya leƙa ƙarƙashin sitiyari, ya ga koriyar fitilar tana ta ƙyaftawa abinta kamar ba abin da ya faru.

Suka fito da Radiyya ta taga suka ɗora ta a kan rufin motar. Mala ya gwada gaba, ruwan ya kai masa ƙirji, ya kusa ɗauke shi. Ba yadda za a yi a ratsa da mutum a goye. Waya kuma ba ta shiga a kwarin.

"Riƙe ta," in ji Mala. "Zan koma in nemo kwalekwale."

Ya juya ya bi ruwa, ya hau jinga, ya sa gudu ba takalmi.

Aka bar Haris da yayarsa su biyu a kan rufin jar mota, ruwa ta ko'ina. Da sauran rana, gari garau, tsuntsayen fadama suna ta harkarsu. Ya ɗora kanta a cinyarsa.

"Adda, ki yafe mini."

"Bari wannan," ta ce. Harshenta ya fara nauyi, kalmomin suna fitowa a haɗe. "Ka ci abinci kuwa? Na ajiye maka a kwanon sama."

Ya share mata gumin goshi.

Can ta ce, "Haris, idona yana rufewa. Ba barci nake ji ba. Shi yake rufe kansa."

"Ki daure, Adda. Suna zuwa."

"Riƙe mini shi. Ina so in ga zuwansu."

Haris ya sa yatsunsa biyu ya ɗaga fatar idon yayarsa, ya juya fuskarta wajen da kwalekwale zai ɓullo. Haka suka zauna. In hannunsa ya gaji ya canza ɗaya. Tana kallon ruwa, yana kallon ta, yana jin yadda kowane numfashi ke fin na baya wahalar fita. Ta yi kalmar shahada tun bakinta na iyawa, ya taya ta.

Duk kwalekwalen ƙauyen suna can cikin gonaki ana yanka. Sai da aka yi ta kira daga tudu zuwa tudu kafin saƙo ya kai ga Fannami. Lokacin da ya iso da Mala, rana ta yi ja.

Suka yanka fadama. Fannami, da tsufansa, yana tura sanda kamar zai karya ta.

Da suka isa bakin kwalta, Haris ya ga abin da har yau bai daina gani ba. Buhunan Fannami ne a jere a gaɓa, an sauke su tuntuni. Har ruwan da ya jiƙa gindinsu ya bushe. Wasu mutane sun yi la'asar sun zauna a kai suna cin gyaɗa. Tun yaushe ke nan kwalekwalen ya iso nan, da buhu a wurin tabarmar da aka shimfiɗa wa Radiyya aka naɗe.

Aka sa ta a a-daidaita-sahu. Sun shiga Haɗeja, ana hango katangar asibiti, Mala ya sa hannu ya shafe idon matarsa. Wannan karon ba wanda ya riƙe shi.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Kun san abin da ya fi cin Haris? Ba wanda ya zarge shi. A zaman makoki kowa ya riƙe hannunsa ya ce sai haƙuri, kwana ne ya ƙare. Fannami ya zo ya yi addu'a ya tafi, bai ko ɗaga ido ba. Mala ya same shi a zaure ya dafa kafaɗarsa.

"Kada ka sa wa ranka damuwa. Niyyar alheri ka yi. Ita ma ta sani."

Haris ya ce, da a ce Mala ya mare shi a gaban jama'a, da ya fi samun sauƙi. Gaskiya ne kwana in ya ƙare ya ƙare, kuma ba mai ja da wannan. Amma shi ya san abin da ya gani a bakin mashigi, ya san abin da aka ce masa, ya kuma san dalilin da ya sa bai juya ba.

Da ruwa ya janye aka jawo motar da tarakta. Bakanike ya kwance injin ya ce ruwa ya sha ta bututun nan, ya lanƙwasa ƙarfen ciki. Rigar da aka ce tana hana ruwa, wani ɗan ƙyalle ne mai raga.

Haris ya cire baƙin akwatin da hannunsa, ya ɗora a kan dakali, ya fasa shi da dutse. Abin da ke ciki bai fi a rufe da tafin hannu ba: 'yar fitila, siririyar waya mai kai mata wuta, da guntun ƙarfe da aka manna da gam don akwatin ya yi nauyi a hannu. Ba abin da ya haɗa shi da ƙwaƙwalwar mota. Aikinsa ke nan tun ranar farko, ya ƙyafta.

Ya kira Tukur. Ya faɗa masa komai.

"Allah ya jiƙanta," in ji Tukur. "Amma Alhaji, ai mota ba kwalekwale ba ce. Kai ma da hankalinka."

"Ka ce an gwada."

"A Turai na ce. Ruwansu daban."

Daga ranar lambar ba ta sake shiga ba.

Haris ya koma injinsa. Ya rame, ya rage magana. Yaran Radiyya ya ɗauke musu komai, amma ba ya iya haɗa ido da babbar, don idon uwarta ne da ita. Masu aiki da shi sun ce wani lokaci yana tsaka da awo sai ya tsaya yana duban yatsunsa biyu, sai an taɓa shi.

Da wata daminar ta zagayo, kogi ya sake cika, wani mutum ya kawo shinkafa casa. Usaini sunansa, daga wani ƙauye na bakin kogi. Ya zo da farar mota mai ƙofa biyu, a kwance a ƙasa. Yana ganin Haris ya washe baki ya kama hannunsa da hannu biyu.

"Kai ne! Wallahi kai ne na bidiyon Tukur!"

Sai a lokacin abin ya dawo wa Haris. Ya manta sam. Ranar da aka gama masa aiki a Kano, Tukur ya roƙe shi ya yi 'yar magana a gaban waya, shi kuma ya yi, tun bai ko fita daga garejin ba.

Usaini ya zaro waya ya kunna masa. Ga Haris nan cikin farar shadda, fuska cike, ya dafa jar motarsa. Yana cewa shi mutumin fadama ne, ya gwada da kansa, ba tudu ba ruwa. Yana cewa duk wanda ke shakka ya zo Haɗeja ya tambaye shi. Yana rantsuwa da Allah.

"Ni da farko ban yarda da Tukur ba," in ji Usaini. "Mai sayarwa ai komai zai faɗa. Da na ga namu ne, ɗan Haɗeja, na ce shi ke nan. Mu da yawa saboda kai muka saka."

Haris ya ɗago ya dubi Usaini. Sannan ya faɗi abin da bai taɓa faɗa wa kowa da bakinsa ba.

"Ƙarya na yi. Ban gwada komai ba lokacin da na yi maganar nan. Akwatin fitila ce kawai a ciki. Bututun ruwa yake sha. Yayata ta rasu a dalilinsa, a kan cinyata, ni na kai ta. Don Allah ka bari in kira bakanike yanzu ya mayar maka da na kamfani. Ni zan ɗauki nauyin aikin."

Usaini ya saki hannunsa a hankali. Ya yi ta'aziyya yadda ya kamata, har ya cire hula. Sannan ya waiwaya ya dubi farar motarsa.

"Allah ya jiƙanta da rahama. Amma ka san naka tsohon samfuri ne. Tukur ya ce wanda ya saka mini sabon fitowa ne, an gyara duk wannan."

"Wa ya gwada?"

"Ai ina ji a jikina in na taka."

Haris ya bi shi har bakin mota yana roƙo, ya riƙe murfin ƙofa. Usaini ya yi murmushi irin wanda ake yi wa mai taɓin hankali, ya zame hannunsa cikin ladabi. Ya ce gobe zai aiko a ɗauki shinkafar, yanzu sauri yake yi, zai ɗauko iyalinsa daga ƙauye kafin ruwa ya rufe hanya.

Ya tayar da mota ya fita. Haris ya bi shi da gudu har bakin titi yana kiran sunansa, amma ƙarar salansa ba ta bari ya ji ba.

Darasi: Rantsuwar mai sayarwa ba gwaji ba ce, ƙara kuma ba ƙarfi ba ce. Kafin ka yarda an ƙara wa motarka wani abu, tambayi wanda ya auna, ka gani da idonka, ka kuma duba ko ya dace da ƙasar da kake zaune. In wanda ke ƙaunarka ya yi maka tambayar da ba ka da amsarta, kada girman kai ya hana ka juyawa. Kada kuma ka ba da shaida a kan abin da ba ka gwada ba, domin maganarka za ta ci gaba da tafiya bayan kai ka yi nadama. Ku tura wa duk wani mai son mota da kuka sani, wataƙila shi ya tsaya ya saurara.